Inda Ganin Ganau Ya Tsaya

Hausawa sukan ce gani ya kori ji, a gaban alƙali kuma maganar ganau ta fi ta jiyau nauyi. Ba mai gardama da wannan. Amma akwai tambayar da ba a cika yi ba, wato shi ganau ɗin, ina ganinsa ya tsaya? Gama sau da yawa idon mutum yakan tsaya a wani wuri, bakinsa kuwa ya ci gaba da tafiya, shi kansa bai lura ba. Wani al'amari da ya faru a ƙasar Amurka a shekara ta 1971 ya isa a gwada wannan tambaya a kansa, domin an yi fiye da shekara 50 ana auna shaidunsa, har wa yau ba a san wanda ya aikata shi ba.

Ran Laraba 24 ga Nuwamba 1971, jajiberen wani babban biki na Amurkawa da suke kira Ranar Godiya, wani mutum ya zo filin jirgin sama na birnin Fotland a jihar Oregon. Ya biya dala 20 kuɗi hannu, ya yanki tikiti zuwa birnin Siyatil, tafiyar kamar rabin sa'a. Sunan da ya bayar shi ne Dan Cooper. Wannan Dan ɗin gajarta sunan Daniyel ne a wurin Turawa, ba shi da dangantaka da “ɗan” na Hausa. A zamanin nan ba a tambayar fasinja takardar shaida, ba a kuma buɗe masa jaka. Ya shiga jirgin, ƙirar Boeing 727 na kamfanin Northwest Orient, ya zauna a layin kujeru na can ƙarshe, sanye da kwat mai duhu da farar riga da baƙin laktaye.

Da jirgi ya tashi sai ya miƙa wa wata ma'aikaciya mai suna Florence Schaffner 'yar takarda. Ita kuwa ta ɗauka irin takardun nan ne da maza sukan miƙa wa 'yan mata masu aikin jirgi, ta jefa ta cikin jakarta ba ta karanta ba. Sai ya sunkuyo ya ce mata gara ta duba, gama yana ɗauke da bam. Ya buɗe jakarsa kaɗan, ta ga waɗansu jajayen sanduna da wayoyi da batir. Abin da yake so shi ne dala 200,000, da laima 4 ta dirowa daga jirgi, da motar mai tana jiransa a Siyatil. Jirgin ya yi ta kewaya sararin sama kamar sa'a 2 kafin a haɗa waɗannan abubuwa. Da aka sauka aka ba shi, ya saki fasinjoji 36 da ma'aikata mata biyu, ya riƙe matuƙa uku da wata ma'aikaciya mai suna Tina Mucklow. Ya ce a nufi birnin Meziko, aka daidaita za a tsaya shan mai a garin Rino na jihar Nebada. Ya kuma kafa sharuɗɗa: kada jirgin ya wuce tsayin ƙafa 10,000, wato kimanin mita 3,000, a bar ƙafafunsa a sauke, a yi tafiya a hankali ƙwarai.

Wajen ƙarfe 7:40 na dare suka tashi. Jim kaɗan ya umurci Mucklow ta tafi wurin matuƙa ta ja labule. Kafin ta ja, ta waiga ta gan shi yana ɗaura wani abu a ƙugunsa. Wannan shi ne ganin ƙarshe da wani ɗan Adam ya tabbatar ya yi masa. Wajen ƙarfe 8 wata fitila ta kama a gaban matuƙa, alamar an taɓa matakalar baya, gama irin wannan jirgi yana da matakala a ƙarƙashin wutsiyarsa. Da ƙarfe 8:13 suka ji wutsiyar jirgin ta yi wani irin motsi. Da suka sauka a Rino wajen ƙarfe 11, matakala tana buɗe, ba mutum, ba kuɗi, ba jakar bam. Jiragen yaƙi biyu suna biye da su a cikin duhu da ruwan sama, matuƙansu ba su ga kome ba.

Iyakar labarin ke nan. Duk abin da aka faɗa a kan mutumin bayan jan labulen nan, lissafi ne ko zato.

Tun daga jakar ma akwai abin lura. Schaffner ba ta ga bam ba, jajayen sanduna da wayoyi ta gani. Ko za su iya fashewa, ko kuwa kayan ban tsoro ne kawai aka harhaɗa, ba wanda ya gwada, jakar kuma ba a sake ganinta ba. Duk da haka matuƙa da masu kamfanin sun yi daidai da suka ɗauke shi bam na gaske, domin ran mutum fiye da 40 ne a hannunsu. Idan kuskure zai jawo hasarar rai, mai hankali yakan ɗauki mafi munin zato ya yi aiki da shi, ba ya jiran tabbaci. Amma wannan ma'auni na tsare rai ne. In aka zo ga ɗora wa wani laifi, ma'aunin yakan juya, gama a nan wanda kuskure zai faɗa wa shi ne wanda ake zargi. Mutane da yawa suna cuɗanya waɗannan biyu. Uwar da ta hana ɗanta zuwa wani gida saboda abin da ta ji tana cikin hakkinta. Ranar da ta tsaya a bakin rijiya ta ce mai gidan nan ɓarawo ne, ta shiga wata gona dabam, inda ji kaɗai bai isa ba.

Sai maganar shaidu. Wanda ya ji an ce mutum 36 suna cikin jirgin zai ce ai shaidu sun yi yawa. Amma fasinjojin ba su san ana fashi ba. An gaya musu wata 'yar matsalar inji ce ta hana sauka, suka zauna suna karatu, suna hira, suna gunaguni a kan jinkiri. Ba abin da zai sa su juya su ƙare wa wani mai kwat kallo a layin baya, sai 'yan kaɗan da suka zauna kusa da shi. Matuƙa kuwa suna can gaba, saƙo ake kai musu. Don haka taron nan duka ya koma 'yan ƙalilan, a cikinsu kuma Schaffner da Mucklow su ne ginshiƙai. Kasancewa a wuri dabam yake da gani, ko da yake a kasuwa in an yi faɗa kowa yakan ce a gabansa aka yi.

Shaidar matan nan biyu tana da ƙarfi saboda dalili guda. A daren nan aka yi musu tambayoyi, ɗaya a Siyatil ɗaya a Rino, ba su sami damar haɗa baki ba ko da ba da nufi ba, bayaninsu kuma ya zo kusan ɗaya: mutum ne mai kimanin shekara 45, tsayinsa tsakanin santimita 178 da 183, mai baƙin gashi, fatarsa ta ɗan fi ta yawancin Turawa duhu, mai magana a natse. Masu karanta littattafan da ake kira Afokirifa za su tuna da labarin Susana, inda dattawa biyu suka haɗa baki a kanta, Daniyel ya raba su ya tambayi kowanne shi kaɗai a ƙarƙashin wane itace abin ya faru, amsarsu ta saɓa. Raba shaidu tsohuwar dabara ce, kuma tana aiki ta fuska biyu: tana tona maƙaryata, tana kuma ƙara wa masu gaskiya nauyi. Shari'ar Musa da ta ce kada a kama mutum da laifi a bakin shaida ɗaya, sai biyu ko uku, ba lissafin kawuna take yi ba. Mutum goma da suka ji labari daga baki ɗaya, shaida ɗaya ne.

To, ga shaidu biyu masu gaskiya, masu hankali, waɗanda suka zauna kusa da mutumin, Mucklow ma har sa'o'i, tana kunna masa sigari. Duk da haka da aka kira mai zane ya zana fuskarsa, hoton farko bai gamsar da su ba, suka ce bai yi kama da shi sosai ba. Aka sake wani a 1972, aka gyara shi kuma a farkon 1973. Wanda ya ajiye hotunan nan kusa da juna zai yi tsammani mutane dabam-dabam ne. Ba ƙarya matan suka yi ba. Mutumin ya sa baƙin tabarau yawancin lokacin, su kuma hankalinsu yana kan jakar da yatsansa. Ban da haka, siffanta fuska da baki abu ne mai wuya. Bari mai karatu ya gwada siffanta fuskar mahaifiyarsa ga wanda bai taɓa ganinta ba, ya ga ko wancan zai iya tsamo ta a cikin taron biki.

Akwai kuma abin da masana suka gano game da tunawa. A 1974 wata masaniya Ba'amurkiya mai suna Elizabeth Loftus da abokin aikinta suka nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota. Suka tambayi waɗansu irin gudun da motocin suke yi sa'ad da suka bugi juna, waɗansu kuma aka tambaye su da kalma mai zafi, wato sa'ad da suka ragargaji juna. Waɗanda suka ji kalma mai zafi suka faɗi gudu mafi yawa. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi, da yawa a cikinsu suka ce sun gani, alhali kuwa babu shi a fim ɗin. Tunawa ba kamar hatsi ba ce da ake zubawa a rumbu a ɗebo shi yadda yake. Duk lokacin da aka ɗebo ta, tambayar mai tambaya da hoton da aka nuna da labarin da aka ji sukan ɗan shiga ciki, mai ita kuma ba ya iya rarrabewa. Saboda haka abin da Schaffner da Mucklow suka faɗa a daren 24 ga Nuwamba ya fi abin da kowane shaida zai faɗa bayan shekara 30, in an kawo masa hoton wani a ce ya duba da kyau ko shi ne.

Wannan ba maganar ɗakin karatu ba ce kawai. A 1984, a jihar Karolina ta Arewa, wani ya shiga ɗakin wata ɗaliba mai suna Jennifer Thompson da dare ya yi mata fyaɗe. Cikin wannan azaba ta ƙudura za ta haddace fuskarsa domin a kama shi. Ta taimaka aka zana hoto, ta nuna wani mai suna Ronald Cotton a cikin hotuna, ta sake nuna shi a jerin mutane, ta rantse a kotu ba ta da shakka ko kaɗan. Aka ɗaure shi. A 1995 gwajin ƙwayoyin halitta da ake kira DNA ya nuna ba shi ba ne, wani ne dabam, bayan ya yi fiye da shekara 10 a kurkuku. Matar nan ba ta yi niyyar shaidar zur ba, da zuciya ɗaya ta yi magana. Abin tsoron ke nan. An saba ɗauka cewa doka ta hana shaidar zur tana magana da maƙaryaci ne kaɗai, amma ga shi mai gaskiya ma yana iya rushe ran wani idan ƙarfin tabbacinsa ya wuce ƙarfin ganinsa.

Mai karatu zai ce, to a bar bakin mutane, a koma ga kayan da ake iya taɓawa, gama kaya ba sa mantuwa. A cikin jirgin an sami laktayen mutumin, irin mai maƙalawa, na kantin J.C. Penney, da maƙalinsa, da laima biyu cikin huɗun, ɗaya an buɗe an yanke igiyoyinta, da guntayen sigari 8, da zanen yatsu 66 waɗanda ba a gane masu su ba. Takardar da ya rubuta kuwa ya karɓi abarsa. Guntayen sigarin nan, waɗanda a yau da an sami DNA daga yawun da ke jikinsu, sun salwanta a hannun hukuma tun kafin a san amfaninsu. Laktayen ne aka yi ta bincike. An sami ɗan ɓurɓushin DNA a jikinsa, amma hukumar bincike ta FBI da kanta ta ce ba ta da tabbacin na ɗan fashin ne. Daga baya waɗansu masu bincike masu zaman kansu suka duba shi da na'ura mai ƙara girman abu, suka ga ƙurar ƙarfen titaniyam da waɗansu ma'adinai da ba a cika samu ba sai a masana'antu na musamman. Nan da nan aka ce ashe injiniya ne, ko ma'aikacin masana'antar jirage. Mai yiwuwa. Amma abin da ƙurar ta nuna shi ne inda laktayen ya je. Ko wuyan da ya kai shi can shi ne wuyan da ya shiga da shi jirgi, wannan wata magana ce, gama duk wanda ya taɓa sayen gwanjo ya san riga takan yi iyayengiji da yawa.

Littafin Farawa yana da misali biyu na wannan a rayuwar mutum ɗaya. 'Yan'uwan Yusufu sun kawo wa Yakubu rigar ɗansa jiƙe da jini. Rigar ta Yusufu ce da gaske, jinin ma jini ne da gaske, Yakubu da kansa ya ƙarasa labarin, ya ce naman jeji ya cinye ɗansa, ya yi shekaru yana makokin wanda yake da rai. A Masar kuma matar Fotifar ta riƙe rigar Yusufu a hannunta ta nuna wa mijinta. Nan ma rigar tasa ce. Sau biyu kaya suka faɗi gaskiya, sau biyu aka karanta su ba daidai ba, sau ɗaya don baƙin ciki, sau ɗaya don fushi.

Kuɗin fansar sun fi kome koyar da wannan darasi. Takardun dala 20 ne guda 10,000, an kuma ɗauki hoton lambar kowace ɗaya kafin a miƙa su. Aka rarraba lambobin ga bankuna da gidajen caca, shekara da shekaru shiru. Sai a Fabrairu 1980 wani yaro mai shekara 8 yana share yashi a bakin kogin Kolambiya domin iyalinsa su hura wuta, ya tono ƙulli uku na ruɓaɓɓun takardun kuɗi, dala 5,800, har da robar da aka ɗaure su. Lambobin suka dace. Wannan ita ce shaida mafi tabbaci a cikin dukan al'amarin, ba mai musun cewa kuɗin nan na fansar ne. Amma sai ta ƙara rikita lissafi. Tun a farkon 1972 masu bincike sun sake tashi da jirgin, suka tura wani nauyi mai kimanin kilo 90 ta matakalar baya, wutsiyar ta yi irin motsin da matuƙa suka ji, daga nan suka lasafta cewa mutumin ya faɗa wajen kogin Lewis. Sojoji da 'yan sanda suka tankaɗe dajin, ba su sami kome ba. To, kogin Lewis yana shiga Kolambiya ne a ƙasa da inda yaron ya sami kuɗin, ruwa kuwa ba ya komawa baya da kaya. A 2020 kuma aka duba waɗansu ƙananan tsirrai na ruwa da ido ba ya gani, waɗanda suka manne a jikin wata takardar kuɗin, aka tarar irin masu yaɗuwa da bazara ne, abin da ke nuna kuɗin sun shiga ruwa watanni bayan Nuwamba. Sauran takardu 9,710 ba a taɓa ganin ko ɗaya ba.

Masu cewa ya mutu a daren nan suna nuna kuɗin, su ce ga shi sun watse, ba wanda ya kashe su. Masu cewa ya rayu su ma kuɗin suke nunawa, su ce hannun mutum ne ya kai su can. Haka ma sauran alamu. Ya san irin gudun da jirgin zai yi a iya dirowa, ya san matakalar tana buɗuwa a sama, ya gane garin Takoma ta taga, waɗannan suna nuna masani. Amma ya diro da dare cikin ruwa da sanyi, da takalmin zuwa ofis, a cikin laima biyun da ya ɗauka kuma ɗaya ta koyarwa ce da aka ɗinke, ba ta buɗuwa, waɗannan suna nuna wanda bai san sana'ar ba. Ita FBI da farko ta ɗauke shi gwani, daga baya ta sauya ra'ayi, alhali shaidun ba su sauya ba. A gefe guda kuma, waɗanda suka kwaikwaye shi a 1972 suka diro daga jirage sun sauka da ransu, ɗayansu ma iska ta fizge masa jakar kuɗin. Mai adalci yana iya karkata zuwa gefe ɗaya, karkata ba laifi ba ce, muddin ya kira ta da sunanta.

Inda maganar ta zama ta lamiri shi ne wurin ambaton suna. Cikin shekara 5 na farko FBI ta bincika mutum fiye da 800. Ko sunan da duniya ta san al'amarin da shi kuskure ne. 'Yan sanda sun je wurin wani mutumin Fotland mai suna D. B. Cooper don kawai sunan ya yi kama, suka ga ba ruwansa, amma wani ɗan jarida cikin gaggawa ya aika da sunan, sauran jaridu suka ɗauka. Har yau sunan marar laifi ne ke kan laifin, ɗan fashin kuwa bai taɓa kiran kansa haka ba.

Wanda aka fi zargi shi ne Richard McCoy. A Afrilu 1972 ya yi fashin wani jirgi ƙirar 727, ya karɓi dala 500,000, ya diro ta matakalar baya, aka kama shi cikin 'yan kwanaki. Aka yanke masa shekara 45, ya tsere daga kurkuku, aka harbe shi a 1974. Hanyar ɗaya ce, tsohon soja ne, ya iya laima. Amma shekararsa 29, ma'aikatan jirgin farko kuma da aka nuna musu hotonsa ba su yarda shi ne ba. Kama da wane ba ta wane. Abin lura a nan shi ne, shaidun nan da suka kāsa ba da fuskar da za a kama mutum da ita sun iya ba da abin da zai fid da mutum daga zargi. Shekaru da tsayi da launin ido ba za su nuna mutum ɗaya a cikin miliyoyi ba, amma suna iya cewa wannan dai ba shi ba ne. Shaida mai rauni wajen ɗaurewa takan yi ƙarfi wajen kwancewa, kuma mai neman gaskiya ba zai raina wannan aiki ba, ko da yake ba ya sayar da jarida.

Sauran waɗanda aka zarga ba su cancanci a sake rubuta sunayensu ba. Wani a kan gadon mutuwarsa a 1995 ya ce wa matarsa shi ne Dan Cooper, aka gwada zanen yatsu da DNA, ba su dace ba. Ana ɗauka mai mutuwa ba ya ƙarya, amma mai mutuwa yana iya ruɗewa, yana kuma iya son a tuna da shi. Wani kuma ɗan'uwansa ne ya kai sunansa bayan ya rasu, domin ya yi aiki a kamfanin jirgin, ya kuma taɓa zama sojan laima. Wani aka yi ta binsa da na'urar ɗaukar hoto har tsufansa, aka rubuta littafi a kansa. Kowane ɗaya akwai alamu 5 ko 10 da suka dace da shi, masu zarginsa kuma sukan jera waɗannan su yi shiru a kan waɗanda ba su dace ba. Wanda ya fara da suna sa'an nan ya shiga neman shaida ba zai dawo hannu wofi ba, gama a Amurka ta 1971 maza masu baƙin gashi da suka yi soja suke kuma shan sigari sun fi a ƙirga. Yawancin waɗanda ake ambata sun mutu, ba su da bakin kāre kansu, amma suna da 'ya'ya da jikoki masu ɗauke da sunan.

Akwai mai cewa, in an bi wannan hanya ba za a taɓa kama kowa ba, masu laifi za su yi ta yawo. Maganarsa tana da nauyi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Laifin nan na gaske ne, ko da yake a Amurka an mai da mai shi kamar gwarzo, ana buga hotonsa a riguna, ana taron tunawa da shi. Mata biyu masu ƙuruciya sun yi sa'o'i kusa da jakar da suka gaskata za ta iya hallaka su, ladabinsa bai rage wannan ba. Wajibi ne a nemi mai laifi, a kuma saurari kowane shaida. Mai bincike ba zai yi aiki ba sai da zato, kamar yadda maharbi yake bin sawu kafin ya ga nama. Bambancin yana wurin abin da ake yi da zaton. A hannun mai bincike zato tambaya ce da za a gwada, in ta fāɗi a yar da ita. Da zarar an fito da shi fili da sunan mutum a jikinsa ya zama hukunci, magana kuwa zarar bunu ce. McCoy an kama shi a kan fashinsa ne domin an sami kuɗin a gidansa, ga rubutun hannunsa da zanen yatsansa. Ma'aunin da ya hana a ɗora masa laifin Nuwamba shi ne ya tabbatar masa da na Afrilu.

Zuciyar ɗan Adam ba ta son labarin da ba shi da ƙarshe. In akuya ta ɓace a unguwa, ko kuɗin baiko suka yi ƙasa, zaman rashin sani yakan yi wa mutane nauyi har su gwammace suna, kowane suna, a kan shiru. Wanda ya ce bai sani ba sai a ga kamar ragon tunani ne, ko kuwa yana rufa wa wani asiri. Amma kafin mutum ya kai ga faɗin haka da gaskiya sai ya bi shaidu ɗaya ɗaya, ya ba kowace nauyinta, ya ga inda ta ƙare. Mucklow ta ga mutum yana ɗaura wani abu a ƙugunsa, ba ta ce ta ga ya diro ba. Matuƙa sun ji motsi da ƙarfe 8:13, ba su ce sun san abin da ya same shi ba.

A Nuwamba 1976, sa'ad da wa'adin shekara 5 na shigar da ƙara ya kusa cika, masu shari'a a Fotland suka shigar da tuhuma domin kada laifin ya wuce ba hukunci. A wurin sunan wanda ake tuhuma suka rubuta John Doe, wato abin da kotunan Amurka suke rubutawa in ba su san sunan mutum ba, kamar a ce wane, suka ƙara da cewa wanda ya kira kansa Dan Cooper. Fashin ya sa an sauya abubuwa da dama: daga farkon 1973 aka soma binciken kowane fasinja da jakarsa a filayen jiragen Amurka, aka kuma sa wa jiragen 727 wani ɗan ƙarfe mai hana matakalar baya buɗuwa a sama, wanda ake kira da sunan Cooper. A Yuli 2016, bayan shekara 45, FBI ta sanar ta daina bin al'amarin, ta mai da ma'aikatanta ga waɗansu ayyuka, sai dai in wani ya kawo laimar ko kuɗin. Laktayen da sauran kayan aka ce za a adana su a babban ofishin hukumar a birnin Washintan.